Ƙaramin Batirin da ke Baya

Litinin, bayan La'asar

Ƙafar ta tashi da ruwa yau. Zuhuratu ta wanke ta ɗaure, hannunta na kan gyambon, idonta na kan injin nan nata. Na ce ke, ƙafar ubanki ce, ba turmi ba. Ta ce yi haƙuri Baba. Kullum yi haƙuri Baba.

Injin kalkuleta ne, irin mai babbar fuska da ke zana layi. A kayan gwanjo ta tsinto shi a kasuwar Aboabo. Tun da ta bar karatu a Foli, kwalejin fasaha, domin jinyar uwarta ba ta da wani aiki sai shi. Ni Abukari na gyara rediyon rabin Moshi Zongo, ban shiga aji ko na yini guda ba, kuma ban taɓa zama ina yi wa ƙarfe magana kamar mai aljanu ba. Yanzu teburina ya dawo baranda, yaran gyaran waya sun cinye layin. Ba wanda ya zo yau.

Laraba, hantsi

Na tambaye ta abin da take yi, ba don ina son sani ba, don dai ta ɗago kai. Sai ta ja kujera.

Wai injin ba ya jin magana sai ta lamba. Wai yana da 'yan aljihu guda bakwai, kowanne abu ɗaya yake ɗauka. Sai ka ce masa sa wannan a aljihun A, ɗauko na B ka ƙara, in ya zama babu ka tsallaka can. Haka, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai aiken wawa. Tana rubuta umarnin a takarda, ta duba wani jadawali ta mai da kowanne lamba da harafi, biyu-biyu, sannan ta danna da yatsa. Ba ta da kwamfuta. Tun azumin bara take dannawa.

Na ce duk wannan wahala don me? Ta ce dara take koya masa.

Dara. Ni da ban taɓa tashi daga gindin dogon yaro a kunyace ba. Na ce kawo shi. Ta nuna mani inda ake dannawa, ramuka suka fito a fuskar, 'ya'yana baƙaƙe, nasa farare. Na ci shi sau uku a jere, na ƙarshe ko shiga bai yi ba. Na ce mai da shi gwanjo, wataƙila su ba ki cokali. Ta yi dariya tana rubuta yadda na bi na ci shi. Ban ga abin dariya ba.

Juma'a, bayan an sauko

Ashe da dalili. Ba ita ta faɗa mani ba, Jamaldeen ne daga Accra, ɗan nawa da ba ya kira sai da wata a ƙasa.

Wani kamfani a Kumasi, masu haɗa 'yan na'urorin da ke tada famfon rijiya da hasken rana, suna neman wanda ya iya rubuta wa ƙaramin inji umarni a matsattsen wuri. Ba ta da takardar gamawa, sai suka ce ta zo ƙarshen wata ta nuna abin da hannunta ya yi. In ya gamshe su, ta zauna can.

Na ce to ni fa? Ya ce Baba an riga an yi magana da Baba Saani, akwai ɗaki a gidansa na Changli.

An riga an yi magana. Kamar akuyar da za a ba kiwo.

Saani ƙanena, wanda ubanmu ya kai makaranta ya bar ni da ɗaukar kaya. Saani wanda ya tsaya ranar jana'izar matata Wasilatu, a gaban maza, ya ce da an kai ta asibiti da wuri da tana nan. Tun ran nan ban taka Changli ba. Shi za a kai wa ni ya riƙa ganin gyambona.

Na kashe wayar. Ta kawo tuwo, na ci.

Asabar, da safe

Ban tada mata maganar ba.

Lahadi, bayan Azahar

Ta zo da 'yan kawunan waya guda biyu da guntuwar igiya a tafin hannu. Wai in liƙa mata su da dalma. Malam Awal mai koyar da lissafi a Sakasaka yana da inji irin nata, in an haɗa su da igiyar sai aikinta ya kwafu can, ya zama wuri biyu. Ta ce takardunta ba abin dogaro ba ne, gyare-gyare da yawa a kan injin ta yi su kai tsaye, ba ta mai da su takarda ba.

Na ce ajiye nan. Ta ce yau? Na ce ba wuta, ba ki ga dumso ba? Ta ce ko in kai wa yaran layi, minti kaɗan ne.

Na ce kai masu. Kai masu, ki ce ubanki Abukari bai iya liƙa waya uku ba. Ki faɗa da ƙarfi masu shayi su ji.

Ta ajiye a kan teburin. Ta ce ba zan kai ba Baba, hannunka nake so.

Talata, bayan La'asar

Yini guda tana murna saboda ta rage gurbi ɗaya. Wai da in tana son aljihun A ya zama babu, sai ta rubuta 3E 00, gurbi biyu ke nan, yanzu ta gano AF kaɗai na yin aikin. Ta bi ko'ina tana canjawa. Ramukan dara talatin kuma ta cusa su cikin gurbi takwas. Ta ce irin wannan ne mutanen Kumasi ke son gani, wanda ba ya ɓarnar wuri.

Na ce to ki koya wa tukunyarki, jiya kin ɓarnar da albasa.

Gaskiya dai na gane abin. Da muna gyaran rediyon Rasha haka muke matse waya. Amma ban gaya mata ba.

Na ce in ya faɗi ƙasa fa? Ta ce faɗuwa ba ita ce abin tsoro ba. Kuskuren lamba ɗaya na iya sa shi ya ruɗe ya share kansa, shi ya sa take duba kowane layi sau biyu. Sannan tsohon yayi ne, ba shi da ma'ajiyar da ke riƙe abu in ba wuta. Ta juya bayansa ta nuna mani. Manyan batir huɗu, sai wani ƙarami kamar maɓallin riga a ƙarƙashin murfi mai sukuru ɗaya. Ta ce wannan ɗan ƙaramin shi ke riƙe da kome lokacin da take canja manyan. Sabo ta sa a watan jiya.

Igiyar na nan kan tebur. Ta tambaya, na ce dalma ta ƙare.

Alhamis, bayan La'asar

Buraima maƙwabcina ya shigo da tabarmarsa. Ita ce ta ce Baba gwada shi yanzu mana, Baba Buraima ya gani.

Ban san me ta zuba masa ba. Ya bar mani baki a hagu kamar bai gani ba, na shiga, ya rufe ni ta dama. Wannan tarkona ne. Ni na yi wa Buraima shi shekara da shekaru. Na ce a sake. Ya sake. Ƙarfe ko tunani bai yi ba, ina ɗaga yatsa ya riga ya motsa.

Buraima ya kwanta da dariya yana buga cinya. Ya ce Abukari, yau ka haɗu da ubangidanka, kuma batir yake ci. Ya ce Zuhuratu, ba ki da wanda zai karɓi limancin masallacinmu?

Ta ce ai duk wasan Baba ne a ciki, shi ya koya masa. Tana tsammanin daɗi za ta sa ni ji. Wato ta zauna gabana tana wanke mani ƙafa tana kwashe mani kai, za ta kai Kumasi ta sayar, ni kuma a kai ragowar Changli.

Da yamma Buraima ya ba masu shayi labari. Ina jin dariyar daga nan.

Juma'a, gab da Magariba

Saani ya zo. Ya yi ƙiba, ya sa tabarau. Ya tsuguna, wai Yaya ina wuni, Yaya ya ƙafa. Na ce tana inda ka bar ta.

Ya ce ɗakin na kusa da bayi, ba sai na sha tafiya ba, an shafa farar ƙasa. Ya ce yarinyar nan ta yi jinyar uwa, ta yi ta uba, a bar ta ta ga nata. Na ce kai da ka san lokacin kai mutane asibiti, ka san lokacin kwashe su daga gidajensu ma. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce Yaya, na faɗa cikin zafi. Na ce ni ma cikin zafi nake, tashi ka ba ni iska.

Ta raka shi har bakin titi. Sun daɗe.

Asabar, hantsi

Ta tafi kasuwa sayen ganda. Ta bar injin a kan taga, cikin tsohuwar safar da take sa shi.

Na ɗauko gwangwanin madarar da nake tara matattun batiran agogo. Ba don kome ba. Mutum na iya duba kayansa. Ƙaramin sukudirebana ma yana nan, bakinsa bai lalace ba. Manyan huɗu ban taɓa su ba, injin na kunne lafiya lau, ramukansa na nan.

Sukurun ya koma mazauninsa tsaf. Masu cewa na tsufa su zo su gani.

Ta dawo, ta yi miya. Ta yi daɗi.

Lahadi, da safe

An yi ruwa. Ƙafar da sauƙi.

Litinin, bayan Azahar

Ta tambayi igiya. Na ce jibi. Ta ce Baba Asabar zan tafi. Na ce na ji, ba kurma ba ne ni.

Talata, hantsi

Ina shan koko ta fito da sababbin batir huɗu, wai injin ya fara cewa wuta ta yi ƙasa, gara ta canja tun kafin hanya. Ta shimfiɗa zani a kan tabarma, ta yi bisimilla, ta ciro, ta sa. Na duba kokona.

Ta danna. Ta sake dannawa. Na ji shirun ya yi yawa, na ɗago.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce Baba, ya share. Na ce me? Ta ce kome. Ta juya shi, ta duba murfin ƙaramin, ta ce ai sabo ne. Ta zauna da shi a cinya har kokonta ya yi fata.

Na ce kayan gwanjo ke nan. Bature bai yar da abu don yana da kyau ba. Na ce da kin ji maganata tun farko. Ta dube ni, ta ce e Baba. Ta tashi ta ɗora ruwan ƙafata, don lokaci ya yi.

Laraba, bayan La'asar

Ta baje takardu cike da ɗaki, ta danne su da duwatsu da takalma. Tana karantawa tana dannawa, biyu-biyu. Wasu takardun ruwa ya taɓa, wasu an soke an sake sokewa. Tana magana ita kaɗai, wai a nan na ajiye abu kan tari ban ɗauke ba, ko na ɗauke? Ta taɓa gaya mani tarin kamar jeren kwanuka ne, abin da ka ɗora dole ka sauke, in ba haka ba injin ya rasa hanyar komawa.

Abincin rana bai zo ba sai La'asar. Na faɗa mata. Ciwon nan ba ya son yunwa, ta sani.

Alhamis, bayan Azahar

Ramukan sun fito. Ta danna ya motsa ɗa guda, fuskar ta cika da zane kamar tabarmar kaba, ya mutu. Daga fari kuma.

Ta kira Kumasi ta roƙi mako biyu. Sun ce akwai mutane a layi.

Na liƙa mata igiyar yau. Liƙi mai kyau, waya uku, ba ɗigo ko ɗaya. Na miƙa mata, na ce ga shi, kada a ce ban yi ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta riƙe, ta ce na gode Baba.

Asabar, da safe

Ta tafi duk da haka. Da takardu a leda da inji ba kome a ciki. Taurin kai, na uwarta.

Matar Buraima ta kawo shinkafa da wake. Ƙafar ba wanda ya wanke.

Lahadi, bayan Azahar

Ba ta kira ba. Ko ta kira Jamaldeen, ni ba a gaya mani ba.

Litinin, bayan La'asar

Ta dawo. Ta kawo mani burodin Kintampo.

Sun karɓe ta da mutunci, sun ba ta ruwa, sun juya takardun. Babbansu ya ce ya ga alamar hannu, amma su abin da ke motsi suke son gani. Wani yaro daga Sunyani ya kunna nasa ya yi aiki. Shi ke nan.

Na ce rabon mutum ba ya wuce shi. Na ce Kumasi ma me ke cikinta ban da hayaƙi da tsadar ɗaki. Na ce ki kira Saani ki ce ya zuba masara a ɗakin nasa.

Ta kwance ƙafar, ta ce ta yi wari. Na ce laifin wa?

Laraba, hantsi

Gida ya dawo gida. Koko a kan lokaci, ruwan zafi a kan lokaci. Injin na cikin safa, ba ta taɓa shi ba. Yau da ta wanke mani ƙafa idonta na kan ƙafar.

Na ci Buraima sau biyu da duwatsu na gaske. Na ce ina ubangidan nawa? Bai yi dariya ba, shi ya sani.

Juma'a, bayan an sauko

Ina kan tebur, Buraima na gefe, ta fito da injin. Ta tsaya inda masu kawo gyara ke tsayawa. Ta ce Baba, aron sukudireba. Na ce me za ki yi? Ta ce so nake in san abin da ya kashe shi, ko da ba zai tashi ba.

Ta buɗe murfin a gabanmu. Ta zazzage ƙaramin a tafin hannu, ta juya shi.

Ni duk batirin da ya mutu ina yi masa giciye da tsinin allura a ƙasa kafin in jefa gwangwani, don kada ya gauraya da mai rai in cuci wani. Haka nake aiki tun ina yaro. Duk unguwar nan an san Abukari bai taɓa sa wa mutum mataccen batir a agogo ba.

Ta daɗe tana kallo. Ta nuna wa Buraima, ta ce Baba Buraima, idona ya gaji kwanan nan, mene ne wannan? Buraima ya duba, ya dube ni, ya naɗe tabarmarsa ya ce yana da baƙi.

Na ce masu shago ma na sayar da matattu. Ta ce da alama a jiki? Na ce ke, ni za ki titsiye a barandata? Ni na haife ki. Ta ce haka ne Baba. Ta ajiye batirin a kan teburin, daidai gabana, ta mayar mani da sukudireba ta wajen ƙota, ta shiga ciki.

Da yamma ta wanke ƙafar. Ba ta matsa ba, ba ta yi sauri ba. Na so ta matsa.

Asabar, bayan Azahar

Ta yi waya a bayan gida. Na ji Baba Saani, na ji Litinin.

Na ce ai ba inda za ki, me ya kawo maganar Saani? Ta ce ba inda zan je. Na ce to? Ta ce to.

Lahadi, da safe

Na kira Jamaldeen. Ya ce Baba, na ji. Na ce ka ji me? Ya ce yana kan aiki.

Litinin, bayan La'asar. Changli

Yalo-yalo biyu, keken nan mai ƙafa uku, ɗaya ni da Saani, ɗaya katifa da teburina. Ita ta ɗaure kayan da hannunta, ta naɗe magungunan ta rubuta wa matar Saani lokacin kowanne. Masu shayi duk suka fito suna kallo. Na ce mata a gabansu, za ki zauna ke kaɗai a gidan kamar mayya, babu Kumasi babu uba. Ta ce a sauka lafiya Baba.

Ɗakin na warin farar ƙasa. Gaskiya ne yana kusa da bayi.

Laraba, hantsi

Saani da kansa ke wanke ƙafar. Ya tsuguna da tabaraunsa yana numfashi kamar saniya, ruwan ko ya yi zafi ko ya yi sanyi. Na zage shi tas, ya ce to Yaya. Matarsa Badagomba ce, dasiba take ce mani da safe, gaisuwarsu ke nan, ni kuma ba na amsawa.

Buraima ya aiko da saƙo ta bakin mai yalo-yalo cewa ta fara daga fari, ta kai wa yaran layi wani abu su liƙa mata. Yaran layi.

Ban yi wa kowa kome ba. Uba ya so 'yarsa kusa da shi, sai a mai da shi ɓarawo.

Juma'a, bayan La'asar

Ta zo. Na ji muryarta a tsakar gida tana gaida matar Saani, na gyara zama, na janye zanen daga kan kujera. Ta tambayi Saani ya ƙafar Baba, yana shan maganin, yana barci. Saani ya ce shiga mana, idonsa biyu. Ta ce wani lokaci.

Na yi tari. Na sake yi da ƙarfi. Na ji ƙarar ƙofar gida.

Saani ya shigo da kwano, wai miyar ayoyo ta kawo mani. Na ce ajiye ka fita.

Gishiri ya yi kaɗan. In ta sake zuwa zan gaya mata.